Hukuncin Hawan Duwatsun Hamada a Tsananin Zafi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne, na daɗe ina wasan hawan duwatsu da igiya da kayan kariya. Ni da abokaina mun shirya zuwa Wadi Rum a ƙasar Jodan cikin watan Yuli, domin lokacin ne kawai nake samun hutun aiki. Hanyar da muka zaɓa doguwa ce, za mu fara da asuba mu sauko wajen la'asar. Bara mun yi irin wannan a wani wuri, har jiri ya ɗebe ni ina riƙe wa abokina igiya, na ɗan fita hayyacina, amma Allah ya kiyaye, na sha ruwa na warware. Mahaifiyata ba ta son tafiyar. Wani a cikinmu da ya yi karatu ya ce gudun zafi halin munafukai ne, ya kawo ayar yaƙin Tabuka, ya kuma ce ayar da ta hana jefa kai ga halaka ba a kan irin wannan ta sauka ba. Mene ne hukunci? In na mutu a can, na kashe kaina ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, tafiyar nan, a yadda ka siffanta ta, ba ta halatta gare ka ba. Ka fasa, ko ka ɗage ta zuwa lokacin da gari ya yi sanyi.

Hawan dutse shi kansa halal ne, motsa jiki ne kamar sukuwa da ninƙaya, ba sai mun tsaya a nan ba. Malamai sun daɗe da shimfiɗa ma'aunin wasa mai haɗari. Ibnu Hajar Alhaitami ya faɗa a cikin Tuhfatul Muhtaj cewa irin waɗannan wasanni sun halatta ga gwanayen da tsira ta fi rinjaye a gare su. Shehu Khalil kuma, da yake maganar tafiya Hajji ta ruwa, ya ce teku kamar tudu take, sai dai in halaka ta rinjaya ko tafiyar za ta sa a tozarta rukunin sallah. To in farilla kamar Hajji tana sauka saboda rinjayen halaka, ina ga wasa? Wannan rinjaye kuwa yana sauyawa da mutum, da wuri, da wata. Dutsen da ya halatta a hau a Nuwamba yana iya haramta a Yuli.

Abin da ya yanke hukunci a tambayarka shi ne maganar da ka faɗa a gurguje kamar ba komai ba: ka fita hayyacinka kana riƙe da igiyar wani. A wannan ɗan lokacin akwai Musulmi a sama da kai, ransa yana rataye a hannunka, kai kuma ba ka san inda kake ba. Da ƙafarsa ta zame a daidai nan, da yanzu tambayar da kake yi mini ta diyya ce da kaffarar kisan kuskure, azumin wata biyu a jere. Ko da a ce mutum yana da wani sarari a abin da ya shafi jikinsa, ba shi da ko kaɗan a jinin ɗan'uwansa. Ka gaya wa abokan tafiyar abin da ya same ka bara dalla-dalla, domin wanda zai miƙa maka igiyarsa yana da haƙƙin ya sani, ɓoye masa ha'inci ne.

Na san za ka ce akwai na'urar da ke kama igiya da kanta in an faɗo. Akwai, kuma tana da amfani. Amma ba ita ke ƙulla ƙulli ba, ba ita ke kafa ƙarafan da za su ɗauki nauyinku ba, ba ita ke tuna maka ka duba ƙarshen igiya lokacin saukowa ba. Duk waɗannan aikin hankali ne, hankalin kuma shi zafi yake fara ci. Jikin ɗan Adam yana zaune ne a wajen digiri 37. In zafin cikin jiki ya haura 40, sai ruɗewa ta shigo, magana ta fara karkacewa, mutum ya yi ta musu yana cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan shi likitoci suke kira bugun zafi, kuma yana kisa, yana lalata ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Saboda haka maganar da matasa suke yi cewa in mun ji ba daɗi za mu juyo ba ta da ƙarfi, tunda wanda zai yanke shawarar juyowar shi ne wanda ya riga ya ruɗe. Likitoci kuma suna lissafa wanda zafi ya taɓa kayarwa cikin waɗanda aka fi jin tsoron ya sake kama su. Warwarewar da ka yi bara rahama ce da gargaɗi, kada ka mayar da ita hujja.

Ka ƙara da lissafin ruwa. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya fi lita ɗaya a awa guda, kowace lita kuwa nauyin kilo ɗaya ce a bayanka. Daga asuba zuwa la'asar, ka ƙirga da kanka. In kun ɗauki isasshe nauyi ya hana ku sauri, in kun rage ƙishirwa ta cim muku a inda babu rijiya. Dutsen da rana ta daka ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba, hannu yana gumi yana santsi, robar takalmi tana laushi. Wadi Rum duwatsun yashi ne masu tsayi, Jabal Rum ya haura mita 1,700, kuma dogayen hanyoyinsa ba kowane wuri ake iya sauka a tsakiya ba. Shi ya sa masu wannan wasa suka fi zuwa can tsakanin Maris da Mayu, ko Oktoba da Nuwamba. Maganin bugun zafi shi ne a sanyaya jiki da ruwa mai yawa nan take, cikin mintuna. Wa zai yi maka haka kana rataye a jikin dutse? A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Wannan a wurin da ke da asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya ke nan.

Yanzu ga maganar abokinka, kuma zan tsawaita a kanta domin ta fi zafin ranar haɗari: ya ɗauki Alƙur'ani ya ɗora shi a inda bai sauka ba.

Ayar Suratut Tauba ta 81 tana ba da labarin waɗanda suka ce kada ku fita cikin zafi, aka ce a gaya musu wutar Jahannama ta fi tsananin zafi. Su wane ne? Mutanen da Manzon Allah (SAW) da kansa ya kira zuwa Tabuka a watan Rajab, shekara ta 9 bayan Hijira, kiran da ya wajaba a kan duk mai iko, suka ƙi saboda ciwon da ke zukatansu, suka fake da zafi. Laifinsu ƙin amsa umarni ne. Wa ya umarce ku da hawan dutse a Yuli? Wane wajibi ne zai tozarta in kun bari sai Nuwamba? Kusancin Wadi Rum da yankin Tabuka a taswira bai mayar da yawon hutu ya zama rundunar tsanani, wato rundunar Tabuka, ba. Sahabbai sun sha wuya a wannan tafiya har suka riƙa yanka raƙuma suna matse abin cikinsu don ƙishirwa, amma sun sha ta ne saboda babu makawa, ba su je nemanta ba. Aya goma kacal bayan wadda abokinka ya karanta, a aya ta 91, Allah ya ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya a wannan yaƙin dai. Me ya hana shi ƙarasa karatun?

Sunna kuma ta nuna yadda Annabi (SAW) yake ɗaukar zafi in babu tilas. Ya yi umarni a jinkirta Azahar har gari ya sassauta idan zafi ya tsananta. Sallah ce fa, ginshiƙin addini, aka ɗaga saboda rana. Ya ga Abu Isra'ila tsaye a rana saboda bakance, ya ce a umarce shi ya shiga inuwa, ya zauna, ya yi magana, ya cika azuminsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas. Mutumin nan ibada ya nufa, duk da haka aka hana shi. Shin Annabi (SAW) yana koya wa mutane halin munafukai ne? A'uzu billah. Abokinka ya ji tsoron Allah ya janye wannan kalma, domin da ita ya jefi mahaifiyarka da duk mai hankalin da ya ce ku dakata.

Maganarsa ta biyu tana da asali. Gaskiya ne Abu Ayyub Al'ansari ya bayyana, a yaƙin Ƙusɗanɗiniyya, cewa ayar Baƙara ta 195, wadda ta hana jefa kai ga halaka, ta sauka ne a kan Ansar lokacin da suka so komawa gyaran dukiyarsu su bar jihadi. Amma sababin sauka ba ya ƙuntata lafazi mai faɗi, ko sabon ɗalibin usulul fiƙihu ya san wannan. Ko mun bar masa ayar gaba ɗaya, ina zai kai ta Suratun Nisa'i, aya ta 29, wadda ta ce kada ku kashe kanku? Amru bn Al'as ya wayi gari da janaba a dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya yi taimama ya ja sallah, da aka kai ƙararsa ya karanta wannan ayar, Annabi (SAW) ya yi dariya bai ce masa komai ba. Sahabi ne ya ɗora ayar a kan cutarwar yanayi, aka tabbatar masa. Sanyi da zafi a nan hukuncinsu ɗaya. In kuma aka ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka tuna amsar da Umar ya ba Abu Ubaida lokacin da ya juya da mutane daga annobar Sham: muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Game da tambayarka ta ƙarshe: wanda ya mutu a irin wannan bai nufi mutuwa ba, don haka ba ya shiga narkon da ya zo a kan wanda ya jefo kansa daga dutse da gangan. Ana yi masa wanka da sallah, ana roƙa masa gafara. Sai dai in ya tafi bayan ya san halaka ta fi rinjaye, yana da zunubin ganganci. Yadda ka yi tambayar ya nuna mini zuciyarka ta riga ta gaya maka wani abu, kana neman wanda zai danne ta ne. Ba zan danne maka ita ba.

Mahaifiyarka kuwa, ko babu zafi ko kaɗan, hanawarta ta isa ta tsayar da tafiya mai haɗari wadda ba wajibi ba. Annabi (SAW) ya mayar da mai neman jihadi zuwa ga iyayensa. Ka je ka same ta, ka ce mata ka fasa, kada ka bari ta ji a bakin wani.

Na fahimci damuwar hutu, da kuɗin da wataƙila kun riga kun kashe, da kunyar a ce kai ne ka janye. Asarar kuɗi tana da mayewa. Ka nemi a sauya maka lokacin hutu, ko ka tafi duwatsun ƙasar da ke da sanyi a Yuli, ko ka yi atisaye a bangon hawa na cikin gini har lokacin ya zo. Kafin ka sake riƙe wa kowa igiya a zafi, ka ga likita ya binciki dalilin jirin nan, ka gaya masa duk maganin da kake sha, domin wasu magungunan hawan jini da na mura suna rage wa jiki juriyar zafi. Ka kuma binciki niyyarka a keɓe: in da ba za a ɗauki bidiyo ba, babu wanda zai gani, za ka zaɓi Yuli?

Abokanka da ba su da irin matsalarka, in sun dage, abin da zan iya sassauta musu shi ne gajeren hawa a gefen da ke inuwa, da sanyin safiya, a sauko kafin hantsi ya ɗaga, kusa da mota da ruwa, tare da ɗan jagora na wurin, bayan sun yi mako ɗaya zuwa biyu jikinsu ya saba da yanayin. Su haɗa ruwa da gishiri, domin ɗirkar ruwa zalla bayan gumi mai yawa shi ma yana cutarwa. Kada su yi azumin nafila ranar. In ruwan bai wuce na sha ba, su yi taimama a jikin dutsen, kada su yi alwala da shi. Matafiya ne, suna da sauƙin haɗa Azahar da La'asar, amma bai halatta su tsara hawan da suka san zai fitar da sallah daga lokacinta suna rataye ba. Wanda ya fara magana ba kan gado a cikinsu, kada a tsaya jin ra'ayinsa ko da yana gumi, a kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a kira agaji. Doguwar hanyar asuba zuwa la'asar kuwa, a wannan wata, ban halatta ta ga ko ɗaya daga cikinku ba.

Wallahu a'alam.