Tambaya da Amsa: Mai ciwon gwiwa za ta iya zagaya Lambun Pinjore?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Chandigarh, ƙasar Indiya. Mahaifiyata ta zo ganin likita, ina so kafin ta koma in kai ta Lambun Pinjore ta sha iska. Sai dai tana fama da ciwon gwiwa. Za ta iya zagaya shi? Yaushe ya fi dacewa mu je?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka. Za ta iya zuwa, amma kada ki ce sai ta ga ƙarshen lambun.

Lambun hawa bakwai ne a jikin gangaren tudu, ƙofar shiga kuwa tana can sama. Da an shiga gangara ake yi, ƙafa ba ta jin komai, ruwa da furanni suna ta jan mutum gaba. Sai an juyo ake gane cewa duk matakalar da aka sauka sai an hau ta. A nan ne masu ciwon gwiwa suke maƙalewa. Shawararmu ita ce Hajiya ta tsaya a hawa na farko da na biyu, kuma ba ta yi asara ba, domin an tsara lambun ne don a kalle shi daga sama. A nan za ta ga Shish Mahal, ginin da aka ƙawata da ƙananan madubai, sannan Rang Mahal, inda ake hango magudanar ruwan da ta raba lambun biyu tana zubowa daga wannan hawa zuwa wancan. Jal Mahal, wanda ruwa ya kewaye, yana can ƙasa. Ke ki sauka ki ɗauko mata hoto.

Yana da kyau ki ba ta tarihin wurin, don zai ƙara mata armashin kallo. Fida'i Khan ne ya gina shi a ƙarni na 17. Ɗan'uwan Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya, ne na shan nono, kuma shi ya jagoranci ginin Masallacin Badshahi na Lahore. Daga baya lambun ya koma hannun sarakunan Patiala, shi ya sa a hukumance ake kiransa Lambun Yadavindra, sunan Maharaja Yadavindra Singh. Direbobi dai Pinjore suka fi sani, haka za ki ce musu.

Batun lokaci kuma, ku isa da la'asar sakaliya. Rana ta yi sanyi, kuma da magariba ake kunna fitilu, wurin ya canza kama. Mafi daɗin watanni su ne Oktoba, Nuwamba, Fabrairu da Maris. A Mayu da Yuni zafi yakan haura digiri 40, bai dace da marar lafiya ba. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, duwatsun matakala suna santsi, ga shi a Yuli ake bikin baje kolin mangwaro, jama'a su cika wurin maƙil. Disamba da Janairu akwai sanyi mai ratsa ƙashi da hazo, gwiwa kuwa ba ta shiri da sanyi. Ku kuma kauce wa Lahadi saboda cunkoso.

Daga Chandigarh kimanin kilomita 22 ne a kan hanyar Shimla, cikin jihar Haryana. Motocin bas masu zuwa Kalka suna bi ta nan, amma saboda Hajiya gara ki ɗauki tasi, ku daidaita kuɗin zuwa da jira da dawowa tun kafin ku tashi. Neman mota da daddare tare da dattijuwa ba abin so ba ne.

Ki riƙe ƙananan kuɗin rupi a hannu don tikitin shiga, tunda biya ta waya yawanci sai mai asusun bankin Indiya. Ki ɗauki ruwan sha, da dadduma don la'asar da magariba, da sanda idan tana dogarawa. Takalminta ya zama shafaffe mai ƙasan roba, ban da silifas. Idan an yi mata aiki a gwiwar kwanan nan, ki tambayi likitanta matakala nawa ya yarda ta hau kafin ku sa rana.