Jinin Baba Ya Sauka, Me Ya Sa Aka Hana Shi Ƙarin Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu mai shekara 64 ya samu bugun zuciya, yana kwance a sashen kulawa ta musamman. Jininsa ya sauka zuwa 80/50, hannuwansa sun yi sanyi, amma an ƙi yi masa ƙarin ruwa, ruwan sha ma ana auna masa. Da ya ɗan farfaɗo kuma aka cire masa oksijin. Anya ba sakaci ba ne?
Wata mai karatu, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Bisa bayaninki, ba mu ga sakaci ba.

Mai amai da gudawa jininsa kan sauka ne don ruwan jikinsa ya ƙare, sai a ƙara masa ya miƙe. Baba kuwa ruwan yana nan, zuciyar ce ta kasa tura shi, domin jijiyar da ke ciyar da ita ta toshe. Jinin da ta kasa turawa sai ya dunga komawa baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Leda ɗaya mai mililita 500 tana iya sa shi haki, ya kasa kwanciya rigingine, har kumfa ta fito masa a baki. Sai fa idan ɓangaren dama na zuciyar ne ya taɓu: nan akan gwada mililita 250 a hankali ana sauraron ƙirji. Hoton zuciya ne ke bambancewa.

Abin da ke ɗaga jinin magani ne, galibi noradrenalin, da na'ura ke ɗigawa ta babbar jijiyar wuya. Idan ya tsiyaye daga ƙaramar jijiyar hannu yana iya kashe fatar wurin. A da dofamin aka fi sawa, har wani bincike na 2010 a kan mutum 1,679 ya nuna dofamin ya fi hargitsa bugawar zuciya.

Oksijin ma haka. A Suwidin an gwada mutum 6,629 masu alamun bugun zuciya waɗanda oksijin ɗin jininsu bai gaza kashi 90 ba. Sakamakon 2017 ya nuna ba su iskar bai rage mutuwa ba. Idan na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna na Baba ya haye kashi 90, babu laifi a cire.

Abin da ya fi ceton rai shi ne buɗe jijiyar zuciyar da ta toshe da wuri. Binciken SHOCK na 1999, a kan masu bugun zuciya da jininsu ya sauka, ya samu mutuwar kashi 50 cikin ɗari bayan wata shida ga waɗanda aka gaggauta buɗe wa, kashi 63 ga sauran. Na'urorin tallafa wa zuciya kuwa, duk tsadarsu, ba duka suka cika alkawari ba: balan-balan ɗin da ake zurawa a babbar jijiya bai rage mutuwa ba a gwajin Jamus na 2012.

Ki tambayi likitansa ko an buɗe jijiyar, in ba a yi ba ko akwai halin tura shi inda ake yi. Ki kuma tambayi fitsarinsa na kowace awa: idan ya gaza mililita 30, alama ce jini ba ya isa ƙoda. Don Allah kada a ba shi kunu, rubutu ko jiƙo a ɓoye, domin kowane kurɓi ana lissafa shi.