Filin Tambaya: Katako, Gasa Shi Ake Yi ko Busar da Shi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai koyon kafinta ne. Maigidana yakan ce a kawo masa "gasasshen katako", yana nufin wanda aka sa a ɗakin zafi har ruwan jikinsa ya fita. Na ce masa ai wannan busarwa ce, ba gashi ba, sai ya ce yaushe aka haife ni. Wane ne da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Ɗana, kai ne da gaskiya, amma don Allah kada ka je kana kaɗa wa maigidanka wannan shafi a fuska.

Ga ma'aunin da nake bi. Busarwa raba abu ne da ruwansa, abin kuwa yana nan yadda yake. Gashi shi ne wuta ta sauya abin kansa. Ɗauki yumɓu. Ka gina tukunya ka bar ta ta bushe ƙarau, in ka tsoma ta a ruwa za ta narke ta koma laka. Amma da zarar zafi ya kai digiri 500 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyos, ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun ya fita, to an yi sallama da laka ke nan. Jan bulo har digiri 900 zuwa sama da 1,000 ake kai shi. Nan ne kalmar gashi ta zauna daram.

Katako ba ya zuwa ko kusa da nan. A ɗakin busarwa na yau da kullum, zafin bai cika kaiwa digiri 100 da ruwa ke tafasa ba. Ya fito katakonsa, kuma in ruwan sama ya dake shi zai sake sha. Don haka sai mu ce an busar da shi da zafi: busasshen katako, busasshiyar itaciya, busassun alluna.

To me ya sa ba a ce shanya ba? Domin shanya baza abu ce a rana ko iska, ba ta yi maka alkawarin komai ba. Ai kana jin mace ta ce "tun safe na shanya, har yanzu bai bushe ba". Shi ya sa ma wanda ya bar ka tsaye kana jira ake cewa ya shanya ka. Tsanewa kuwa ɗigar ruwa ce ta tsaya, laima na nan. Ƙafewa ta rijiya ce da tafki.

Abin da maigidanka ke nema yana da dalili mai ƙarfi, sunan ne kawai ya kuskure. Ɗanyen icce yakan fara zubar da ruwan da ke cikin ramukansa ba tare da ya motsa ba. Sai laimarsa ta sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne yake fara tsukewa. Na taɓa sayen tebur mai sheƙi, ban yi wata huɗu ba fuskarsa ta buɗe baki tsakanin alluna biyu, har biro na faɗawa ciki, aljihunsa kuma ya karkace sai da duka yake rufuwa. A ɗakina ya ƙarasa bushewar da ya kamata ya yi kafin a fere shi. Katako mai tauri in shanya za a yi, masu sana'a kan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri. Ɗakin zafi yana gama aikin cikin kwanaki ko makonni, yana kuma sauke laimar zuwa kashi 6 zuwa 12, inda iska kaɗai ba ta cika kaiwa ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki: a cikin ɗakin nan har tururi ake sakar wa katakon. In aka tsananta zafi da bushewar iska tun farko, saman allon ya ƙeƙashe alhali cikinsa jiƙe yake, sai ya tsattsage. Mai gashi wuta yake zugawa, mai busarwa kuwa lallaɓa ta yake yi.

In ka ga haruffan HT a hatimin da ke jikin katakon dakon kaya na ƙasa da ƙasa, kada ka ɗauka shaidar bushewa ce. Ma'anarsu an ɗumama tsakiyar iccen zuwa digiri 56 na tsawon minti 30 domin kashe ƙwari, kuma yana iya fitowa da sauran ruwansa. Wanda aka busar a ɗakin zafi KD ake rubuta masa.