Jakar barci ta hawan Tula: fara da abin da za ka shimfiɗa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama. Ka ce ku biyar ne daga Gombe, kuna shirin hawan tudun Tula a hutun Disamba, kwana biyu a fili, daga baya in Allah Ya yarda ku taɓa tudun Mambila da ke Taraba, kuma kana neman jakar barci ko bargo marar nauyi wanda ba zai cinye maka 'yan kuɗinka ba. To ni ɗan Bauchi ne, na daɗe ina wannan yawon, kuma na yi asara a kansa har sau biyu. Bari in ba ka labarin don kada ka maimaita.

Fitata ta farko, bargon gida na ɗauka, irin mai laushin nan mai hoton damisa. Ya haura kilo uku, shi kaɗai ya cika jakar goyona, sai da na rataya galan ɗin ruwa a waje. Muka isa sama kafaɗuna kamar an yi min duka. Da dare na shimfiɗa tabarmar roba a kan dutse, na ƙudundune, ina ganin na fi kowa shiri. Wajen ƙarfe uku na farka haƙorana na haɗuwa. Ta sama ɗumi lafiya lau, amma bayana da ƙuguna kamar na kwanta a kan ƙanƙara. Dattijon da ya yi mana jagora, wanda zane ɗaya kawai ya yafa, bai ce min komai ba. Washegari da la'asar ya yanko busasshiyar ciyawa runguma biyu, ya baza min ƙarƙashin tabarmar. A daren nan sai da aka tashe ni sallar asuba.

Bargo ba ya haifar da zafi. Jikinka ne wutar, shi kuwa aikinsa ya tsare iskar da ka ɗumama. Duk ɓangaren da ka danne da nauyinka ya kwanta, babu iska a cikinsa, don haka ƙasa tana zuƙe maka ɗumi kai tsaye. Shi ya sa nake ce wa kowa, kafin jakar barci, sayi shimfiɗa. Akwai siririyar katifar soso mai tauri da ake naɗewa, wadda ba ta shan ruwa, nauyinta bai cika wuce giram 400 ba, kuma ita ce mafi araha cikin kayan nan duka. Masu hurawa da iska sun fi daɗin kwanciya, amma dajinmu na ƙaya ne. Ƙayar aduwa ɗaya ta ishe ka ka wayi gari a ƙasa. Bar mai iskar sai ka yi kuɗi.

Wannan dalilin ne ma ya sa aka ƙirƙiro buɗaɗɗen bargon tafiya da masu hawan duwatsu ke kira kwilt. Jakar barci ce aka cire mata baya da hula da dogon zif, aka bar aljihun da ake cusa ƙafa, da igiyoyin ɗaure ta a jikin katifa. Tunda bayan ba ya aiki, me zai sa ka ɗauke shi? Ta fi sauƙin nauyi, kuma ga yanayinmu tana da wani amfani: farkon dare da sauran zafi sai ka yaye ta, asuba ta kawo jiki ka ja ta. Aibinta, in kai mai juye-juye ne, iska tana shigowa ta gefe, kuma dole ka kwana da hular sanyi. Ni ita nake amfani da ita yanzu. Amma mai tsoron kunama ko wanda sanyi ke saurin kamawa, hankalinsa zai fi kwanciya a cikin jaka mai zif.

Asarata ta biyu a intanet na yi ta. Na ga wata jaka an rubuta digiri sifili da manyan baƙaƙe, ga araha, na biya. Ta zo shafal kamar rigar ruwa. Na tafi da ita Gembu, can kan tudun Mambila, na kwana da rigunana duka a jiki, har da wandon da na yi tafiya da shi. Sai daga baya na gane yadda ake karanta lambobin. Jakar da aka yi wa gwaji na gaskiya za ka ga EN 13537 ko ISO 23537 a jikin takardarta, da lambobi uku. Ta farko, Comfort, ita ce sanyin da mai jin sanyi zai yi barci a miƙe. Ta biyu, Limit, ita ce wadda namiji mai jure sanyi zai kwana a takure. Ta uku, Extreme, ba ta barci ba ce, ma'anarta kawai wataƙila ka kai safiya da rai. Masu sayar da kayan araha wannan ta ukun suke bugawa a gaba. Kai dai ta farko za ka duba, kuma ka sani gwajin ma a kan katifa ake yinsa, da kaya a jiki. In lamba ɗaya ce tak babu sunan gwaji, ɗauke ta a matsayin cika bakin ɗan kasuwa, ka ƙara mata digiri goma a ranka.

Akwai kuma wani tarko a gwanjo. Kayan da suka fito daga Amurka da ma'aunin Farenhait ake rubuta su. In ka ga 50, digiri 10 ke nan a namu, 40 kusan 4, 30 kuwa ƙasa da sifili kaɗan. Na taɓa ganin wani ya ajiye jaka mai kyau wai ta zafi ce saboda ya ga 30.

To wace lamba kake bukata? A Gombe da Bauchi, daren hunturu yakan sauka wajen digiri 12 zuwa 15 a gari. In ka hau tudu, kusan digiri 6 ke raguwa a kowane mita dubu, ga iska da ba abin da ke tare ta. Don Tula, ko Dutsen Bima can wajen Dadin Kowa, jaka ko kwilt mai Comfort 10 ta wadatar, muddin akwai katifa da hula. Mambila wata duniya ce, tudun yana wajen mita 1,600, Chappal Waddi kuwa, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Can sai mai 5. Shawarata, in da gaske kake za ka je Mambila, sayi mai 5 tun yanzu, ka buɗe ta a Tula. In buri ne kawai, tsaya a mai 10, kada ka ɗauki nauyin tafiyar da ba ka sa wa rana ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jakunkunan nan na ƙasashen dusar ƙanƙara, masu kilo biyu da rabi, da ake yi wa mutane talla wai "ta sojoji ce". Gumi za ka kwana yi.

Sai abin da ake cusa wa jakar a ciki. Iri biyu ne, gashin agwagwa ko dinya, da audugar roba. Gashin ya fi ɗumi a kan nauyinsa, yana matsuwa ya koma kamar burodi, kuma yana daɗewa in an kula da shi. Lambar da za ka gani, 600 ko 700 ko 800, tana nuna yadda gashin ke kumbura ne, ba yawansa ba. Matsalarsa biyu, tsada da ruwa, don in ya jiƙe dunƙulewa yake ya daina aiki. Hunturunmu busasshe ne, a Tula ba zai ba ka matsala ba, amma Mambila akwai hazo da raɓa mai yawa. Audugar roba ta fi nauyi da cin wuri, mai Comfort 10 takan kai kilo ɗaya ko ta ɗan wuce, sai dai ko ta yi damshi tana riƙe ɗumi, tana saurin bushewa, ga araha. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, roba. Ba na ma jayayya a kai.

Inda za ka samu: gwanjo ne gaba. Ina zagaya masu dilar barguna a Wunti da Muda Lawal, amma ba kullum ake dacewa ba. Kasuwar Katako ta Jos ta fi yawan irin waɗannan kaya, saboda garin sanyi ne. In ka samu, kada ka yi gaggawa. Girgiza ta ka shimfiɗa, ka ba ta minti biyar ka ga ko za ta tashi. Wadda ta kwanta shamɓal kamar zane ta gama aiki, komai kyan launinta. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, duk inda haske ya ratso sosai wurin ba komai. Ja zif sama da ƙasa sau uku, shinshina ko akwai warin rima, sannan ka shiga ciki a nan gaban mai kaya, kunyar minti ɗaya ce. In sabuwa kake so ta intanet, Naturehike da Aegismax sunaye ne da aka sani a kayan araha, kayan Quechua na kamfanin Decathlon kuma sukan rubuta Comfort ɗinsu a fili. Ba zan faɗi farashi ba, dala ba ta barin magana ta kwana.

Wani abokin tafiyarmu tela ya kai wa aikin. Ya sayi tsohuwar jakar roba mai kusurwa huɗu wadda zif ɗinta ya mutu, kusan kyauta, tela ya cire zif ɗin, ya ɗinke ƙasan ya zama aljihun ƙafa, ya rage faɗin wajen sawu, ya sa maɗauri biyu. Kwilt ke nan. Shekara uku yana yawo da ita.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa: safa busasshiya da ba ka yi tafiya da ita ba, hular sanyi, ka ci abinci mai ɗumi kafin ka kwanta, kuma kada ka cusa fuskarka cikin jakar, numfashi yana jiƙa ta. Gidan sauro kada ka bar shi don hunturu ne, musamman kusa da ruwa. Da safe zazzage takalmi kafin ka sa ƙafa. In kun dawo, shanya jakar, ka rataye ta ko ka sa ta a babban buhu a sake. Barin ta a matse cikin 'yar jakarta wata da watanni shi ke kashe ta.

Duk wadda ka saya, kafin ranar tafiya ka fitar da ita tsakar gida da katifar, ka kwana a waje dare ɗaya cikin sanyin Disamba. In ka farka ƙarfe huɗu kana rawar ɗari, ɗakinka na nan taku biyar, kuma da sauran lokacin gyara. In hanya ta biyo da kai Bauchi kafin nan, yi min magana, ina da tsohuwar katifar soso da ba na amfani da ita.