Ina fararen tsaki suka fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Gadarif nake rubuto maka. Kazata ja ce zakaran ma ja, amma da ta ƙyanƙyashe ƙwai 12 sai ga 3 farare fat, maƙwabta na ta cewa wai ba alheri ba ne in yanka su. Don Allah mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki yanka su, gado ne kawai. Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma akwai wani irin fari da yake ɓuya, in ƙwaya ɗaya kaza ta ɗauka ba za ki ga komai a gashinta ba sai ya haɗu ta ɓangarorin biyu sannan ya fito, kusan 1 cikin 4, abin da masanin kimiyyar gado Mendel ya bayyana ke nan tun 1865. Kajinmu na baladi, wato na gida, kuwa jininsu a gauraye yake.

Sai dai ki lura, in kazar tana fita yawo, tana iya riƙe maniyyin wani zakara har sati 2 a jikinta, don haka mai yiwuwa wani zakara ne uban fararen tsakin. Lafiyarsu ƙalau, ki ba su dusa su girma.