Amsar goggo kan dakashi da ruwan jariri

'Yata, saƙonki ya same ni nan Aboabo, a Kumasi ta Ghana. Kin ce uwar mijinki ta ce in kin sauka a matse dakashi, wato nonon farko, a zubar, a ɗura wa jariri ruwa, su kuma masu awo a Nima, can Accra, sun ce nono zalla har wata 6. Wai da gaske haka al'ada take?

Haka take, ba ƙarya ta yi miki ba. Da na haifi yayanki, wata tsohuwa a gidanmu ta tatsi nonona a ludayi ta jefa tururuwa. Tururuwa ta mutu, aka ce nono ba shi da kyau. Kwana uku ina kallo ana ba yaro bauri da cokali, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, kunyar ɗan fari ta hana ni tankawa. To, wace tururuwa ce za ta faɗa abu mai danƙo ta fito da rai? Wannan dakashin mai ruwan ɗorawa shi ne rigakafin jariri na farko, ki sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ruwa kuwa yana cikin nonon, ko da zafin watan Maris. Alƙur'ani ma shekara 2 ya ambata ga mai son cika shayarwa.

Amma ni ba surukarki ce damuwata ba, tukunyar waakyenki ce, shinkafa da waken da kike sayarwa. Hutun haihuwa na mako 12 na masu albashi ne. Ke da kike hura wuta tun kafin kiran assalatu, wa zai ba ki? Nan matan zango ke karaya: ga ciniki, ga uwa ba ta ƙoshi, ga masu ganin madarar gwangwani alamar samu ce. Na ga wata a kasuwar Kejetia tana rage cokali don gwangwani ya kai ƙarshen wata, bulunboti ko wankin kirki bai samu ba. Gudawa ta kusa tafiya da yaron.

Ki goya abinki ki fita da shi, in ya motsa ƙanwarki ta karɓi ludayi. Kuɗin gwangwani kuwa, maigida ya zuba shi a tuwon zafi, kifi da kunun gyaɗa. Kunun kanwa ki sassauta, yawanta na wahalar da zuciya.

Kar ki yi sa-in-sa da surukarki. Ki bar mata wankan jariri, ki ja ta awo na gaba ta ji da kunnenta. In watanki ya tsaya ina nan tafe da daddawa, sauran maganar ni da ita ce.

Goggonki