Wanda ya faɗi daga kabu-kabu, a ba shi ruwa?

Ɗan uwa, ka ce wani ya faɗi daga kabu-kabu gabanka, kana tambaya ko a ɗaga shi a ba shi ruwa. Don Allah kar a ba shi, in ya suma ruwan sarƙe shi zai yi ya shiga huhu, kuma wataƙila a asibiti sai an yi mishi aiki, shi kuwa aiki ana son ciki ba komai. Ni abin da ya fi tada min hankali nan Maradi shi ne yadda ake ciccibar mutum hannu da ƙafa wuya na lilo a tura cikin adaidaita, in ƙashin wuya ya tsage nan ake shanye shi. A riƙe kan daidai, inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, banda zuba ƙasa ko man birki, a kira 18, 'yan kwana-kwana.